Na'a-na'ata sai tsayi ba ganye, shayinta kuma ba ƙamshi: ina matsalar take?

Maman Hanan:

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar shuka a taimaka min da shawara. Na dasa na'a-na'a a wata ƙaramar roba, na ajiye ta a inuwa jikin bango don kada rana ta ƙone ta, safe da yamma kuma ina ba ta ruwa. Da farko ta kama sosai. Yanzu kuwa sai tsayi take yi, rassan sirara, ganyen ƙanana, na ƙasa suna komawa rawaya suna zubewa. Wanda na tsinka na shanya a rana ya yi baƙi, da na tafasa shi kuma ruwan ya yi bauri, ƙamshin babu. Shin wannan za ta farfaɗo ko in nemi wata? Yaya ake busar da ita ta tsaya koriya? Sannan kofi nawa ya kamata mutum ya sha a rana? Allah ya saka da alheri.

Sarkin Lambu:

Wa alaikumus salam. Maman Hanan, kada ki yar da ita. Na'a-na'a tana da wuyar mutuwa matuƙar akwai sauran farar jijiya a ƙasa. Abubuwa uku ne suka haɗu mata: ƙarancin haske, yawan ruwa, da ƙanƙantar mazubi.

Tsayin nan da kike gani ba girma ba ne, neman haske take yi. Duk shukar da ba ta samun rana isasshiya sai ta miƙe, tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ta ƙaru, ganye ya ƙanƙance. Na'a-na'a tana son rana ta awa huɗu zuwa shida a yini. A wurin da zafi yake da tsanani, ranar safe ce tata: ta samu daga fitowar rana zuwa hantsi, inuwa ta rufe ta kafin rana ta take. Ƙamshinta ma da rana yake tafiya, wadda ta tashi a inuwa zalla ko ta yi kore shar ba za ta yi ƙarfin ƙamshi ba.

Batun ruwa kuma, gaskiya ne tana son danshi, amma danshi daban, caɓi daban. Jijiya tana buƙatar iska. Idan ruwa ya kwanta a gindin roba sai jijiyar ta shaƙe ta fara ruɓa, alamar farko kuwa ita ce ganyen ƙasa ya yi rawaya. Abin da ke ruɗar mutane shi ne shukar da jijiyarta ta ruɓe takan yi yaushi tamkar mai jin ƙishirwa, sai a ƙara mata ruwa, a ƙarasa ta. Kada ki ɗaure ban ruwa da lokaci. Ki tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta farko, wajen santimita 2 zuwa 3. In kin ji danshi ki bar ta. In ta bushe ki zuba ruwa a gindi, ba a kan ganye ba, har sai kin ga yana fita ta ƙasan mazubin. A lokacin zafi hakan zai iya zama kullum, a lokacin sanyi ko damina sai a yi kwana biyu ko uku ba a ba ta ba.

Ga yadda za ki ceto ta. Ki sa almakashi mai tsabta ki yanke dukkan rassan, ki bar santimita 5 kawai daga ƙasa. Kada tausayi ya hana ki, daga nan sabon toho zai fito. Sai ki kife robar ki zaro ta da ƙasarta ki duba jijiyar. Mai lafiya fara ce, tana da ƙwari. Wadda ta yi ruwan ƙasa, ta yi laushi, tana wari, ki yanke ta ki zubar. Za ki ga wasu fararen rassa masu kauri suna zagaye jikin robar daga ciki. Waɗannan su ne rassan da take yaɗuwa da su ta ƙarƙashin ƙasa, su ne jarinki. Ko guntu mai tsawon yatsa, in dai yana da gaɓa biyu, kika kwantar da shi kika rufe da ƙasa santimita 2 zuwa 3, zai tsiro.

Mazubi ya kasance mai faɗi, bakinsa santimita 25 zuwa 30, zurfinsa wajen 20 zuwa 25. Faɗi ya fi mata zurfi amfani, don jijiyarta ba ta nutsawa sosai, gefe take bi. A huda gindinsa wuri biyar ko shida, a ɗora shi a kan duwatsu ko bulo don ruwa ya samu mafita. Tukunyar ƙasa ta fi baƙar roba a wuri mai zafi, domin baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta dafa jijiyar da ke jikinta. Haɗin ƙasar: kashi biyu ƙasar lambu, kashi ɗaya takin dabbobi da ya ruɓe ya huce, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa. Ɗanyen taki yana ƙona jijiya, kada a kusance shi.

Idan sabon toho ya kai santimita 10 zuwa 12, ki fara cire masa kai. Ki lura, karan na'a-na'a kusurwa huɗu gare shi, ganyenta kuma biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna a kowace gaɓa. A hammatar kowane ganye akwai ɗan ƙaramin ido. Kina yanke reshen daga saman gaɓa, idanun nan biyu za su farka su zama rassa biyu. Haka ake samun ta cika ta yi dumu-dumu, ta zauna ƙasa-ƙasa. Masu tsinkar ganye ɗaya-ɗaya su bar karan tsirara su ne suke ƙarewa da dogayen tsinkaye.

In kuma kina son ƙara yawanta, yanki reshe mai lafiya santimita 10 zuwa 12 daga ƙasan gaɓa, ki cire ganyen rabin ƙasa, ki tsoma cikin kofin ruwa a wuri mai haske wanda rana ba ta dukansa kai tsaye. A sauya ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu jijiya za ta fito, in ta kai santimita 2 zuwa 3 sai a dasa da yamma, a bar ta a inuwa kwana uku ko huɗu kafin a fitar da ita rana. Ban cika ba da shawarar shuka ta daga ƙwayar iri ba. Nau'o'in na'a-na'a suna barbarar juna, abin da ya tsiro ba lalle ya gaji ƙamshin uwar ba. Ki murza ganye ki sansana, wadda ta yi miki ita za ki yanki reshenta.

Wani abu kuma, kada ki sake ta a fili cikin lambu haka kawai. Cikin shekara guda za ta mamaye kwamin ta shaƙe abin da ke kusa, fitar da ita kuwa aiki ne. In dole sai a ƙasa, a binne bokiti mai hudajjen gindi a dasa ta ciki, a bar bakinsa ya ɗara ƙasa da santimita 3 zuwa 5, a riƙa datse rassan da suka tsallako. Ta cikin tukunya kuma duk shekara a zaro ta a raba biyu ko uku a sabunta ƙasa, don in jijiya ta cika mazubi tsakiyar takan mutu, gefe kawai ya rage.

Malama Mai Ganye:

Baba Sarkin Lambu ya gama magana kan shukar, Allah ya ƙara basira. Abu ɗaya zan ƙara a kan taki: a yi hattara da takin zamani mai yawan nitrojin irin yuriya. Zai ba ki manyan ganye masu taushi, amma ƙamshi ya ragu, ƙwari kuma su samu abinci. Tafin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki bayan kowane babban yanka ya wadatar.

Yanzu 'yar'uwa, batun baƙi da bauri. Ki ɗauki ganye guda ki juya bayansa a cikin haske, in da gilashin ƙara girma ma ya fi. Za ki ga wasu ɗige-ɗige ƙanana masu sheƙi. Waɗannan 'yan jakunkuna ne da man ƙamshin yake ciki, a fatar ganyen suke, ba can ciki ba. Shi ya sa ko shafa ta kika yi ƙamshin yake kama hannu. Man nan kuwa mai tashi ne kamar turare, zafi da iska suna kwashe shi. Rana ta kwashe rabi wajen shanya, tafasa ta kwashe sauran, abin da ya rage a tukunya shi ne baurin ganyen. Ƙamshin da ya cika ɗaki lokacin da kike tafasawa, shi ne ya kamata ya kasance a kofinki.

Lokacin yanka shi ne da safe, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. Man ya fi yawa dab da za ta yi fure, lokacin da kan reshen ya fara ɗaure kai amma furen bai buɗe ba. In na busarwa ne, a jira wannan lokacin a yanke ta gaba ɗaya a bar santimita 5 zuwa 8. In na shan yau da gobe ne, a riƙa yankan kawunan rassa, kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, musamman ga wadda ba ta daɗe da kamawa ba.

Wankewa ita ce inda yawanci ake ɓata ta. Ganyen da aka murza, ko aka tara shi jiƙe a kan juna, shi ne yake yin baƙi. Dabarar da ta fi ita ce a wanke shukar tun tana tsaye: a fesa mata ruwa da yamma ƙura ta sauka, washegari a yanka ta a bushe. In kuwa sai an wanke bayan yanka, a tsoma rassan cikin ruwa mai yawa a girgiza a hankali, a kakkaɓe, a baza a kan tsumma mai tsabta har ruwan ya tsane sarai kafin a kai wurin shanya.

Shanya a inuwa ake yi, wurin da iska take ratsawa kuma ƙura ba ta kaiwa. Ko dai a ɗaure rassa biyar zuwa takwas a rataye kai ƙasa, ko a baza su a kan raga ko faranti mai huji, kada wani ya hau wani, a riƙa juyawa sau ɗaya a rana. Babban dami yana riƙe danshi a tsakiya ya yi funfuna. A lokacin da iska take a bushe kwana huɗu zuwa bakwai sun isa, in akwai laima a iska takan kai mako biyu. Mai na'urar busarwa kada ya wuce digiri 40 a ma'aunin Selsiyus. Alamar ta bushe ita ce ganye ya ruguje tsakanin yatsu yana ƙaras-ƙaras, karan kuma ya karye maimakon ya lanƙwashe. Kilo guda na ɗanyen ganye bai fi ya ba da giram 200 zuwa 250 ba, don haka kada ki yi mamakin raguwarsa.

Daga nan a zage ganyen daga karan, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye inda haske da zafi ba sa kaiwa. Kada a daka, kada a niƙa. Ganye ya zauna ɗungurungum, sai za a sha a murmushe abin da ake buƙata. Washegarin zubawa a duba jikin kwalbar, in an ga gumi to bai gama bushewa ba, a juye a sake bazawa. Wanda aka adana da kyau yana kai wata shida zuwa shekara. In kin murza kin ji ƙamshin ciyawa kawai, ya gama aiki.

Haɗa shayin kuwa ba a ɗora ganyen a wuta. Ruwa ake tafasawa shi kaɗai, a sauke, a ɗan bar shi minti ɗaya, sannan a zuba a kan ganyen. Ga kofi mai ɗaukar mililita 250: babban cokali ɗaya na busasshe, ko ɗanyen ganye 10 zuwa 15 da aka ɗan murza a tafin hannu sau ɗaya. A rufe nan take. Murfin nan ba ado ba ne, shi ne rabin aikin. A bar shi minti biyar zuwa goma, in an ɗaga murfin a karkata shi ɗigon da ya taru a jikinsa ya koma cikin kofin. Ya wuce minti goma sha biyar bauri zai fara fitowa. Mai son ya yi ƙarfi ya ƙara ganye, kada ya ƙara lokaci. Ana kuma jiƙa ta da ruwan sanyi: ɗanyen ganye cikin tafin hannu a lita ɗaya, a firiji awa shida zuwa takwas, a tace a shanye cikin yini guda. Wannan ba ya bauri ko kaɗan.

Ɗan Famasi:

Sannunku da ƙoƙari. Hajiya, tambayarki ta uku tana buƙatar a fara sanin wace na'a-na'a ce a hannunki, don ba ɗaya ba ce.

Akwai wadda masana kimiyya suke kira Mentha spicata, mai ganye kore mai haske wanda yake manne da kara kusan ba wuya, ƙamshinta mai daɗi ne mara kaifi. Akwai Mentha piperita, ganyenta ya fi duhu, yana da ɗan wuya, karanta yakan ja zuwa shunayya, in kin tauna za ki ji sanyi ya ratsa baki har hanci saboda yawan sinadarin mentol. Ita wannan ruwa biyu ce, daga barbarar spicata da wata mai fitowa a bakin ruwa, Mentha aquatica, kuma kusan ba ta yin iri mai tsirowa, wanda hakan yake ƙarfafa maganar Baba kan dasa reshe. Yawancin binciken magani a kan piperita aka yi shi.

Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ganyen piperita a matsayin maganin gargajiya na rashin narkewar abinci da kumburin ciki. Adadin da ta sa wa babba shi ne giram 1.5 zuwa 3 na busasshen ganye a kowane kofi, sau uku a rana, kuma ba ta ba da shawarar a bai wa yaron da bai kai shekara huɗu ba. Ke nan kofi biyu zuwa uku a rana daidai ne ga babba mai lafiya. Yadda take aiki shi ne mentol yana sassauta tsokar hanji, murɗa ta lafa, iska ta samu hanya.

Sassautawar nan ita ce kuma illarta. Akwai wata tsoka a mahaɗar maƙogwaro da tumbi da take hana abin da ke ciki dawowa sama. Na'a-na'a tana sassauta wannan tsokar ita ma. Don haka mai fama da ƙwannafi, wanda yake jin ruwa mai tsami yana taso masa, ita ce za ta ƙara masa, ko da ya ji sanyi a lokacin da yake sha. Mai tsakuwa a matsarmama shi ma ya tuntuɓi likita tukuna.

Sai batun ƙarancin jini, wanda ba a cika faɗa ba. Wani bincike da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa shan shayin piperita tare da abinci ya rage sinadarin ƙarfe mai gina jini da jiki yake tsotsa daga abincin da sama da kashi 80 cikin 100, kusan daidai da baƙin shayi. Mace mai ƙarancin jini, ko mai shan ƙwayar ƙarin jini, ta sa tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin shayin da abinci ko maganin.

Abubuwa biyu ne nake roƙon a riƙe da kyau. Na ɗaya, man na'a-na'a na kwalba ba shayi ba ne, ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ba a ɗiga shi a ruwa a sha, ba a kuma shafa shi a hanci ko fuska ko ƙirjin jariri, domin yana iya shaƙe masa numfashi. Na biyu, akwai wata 'yar'uwarta mai rarrafe a ƙasa, Mentha pulegium, ganyenta ƙanana ne masu ɗan zagaye, da wuya su wuce santimita 2, warinta mai kaifi ne. Tana ɗauke da sinadarin da yake lalata hanta, man da ake tatsa daga gare ta ya kashe mutane, tana kuma da haɗari ga mai juna biyu da ƙananan yara. Duk na'a-na'ar da ba ki tabbatar da ita ba, kada ta shiga kofi. Mai juna biyu da mai shayarwa, ko da mai kyau ce, su tsaya a ɗan abin da ake sa wa don ƙamshi, shan ta a matsayin magani sai da izinin likita. Ciwon cikin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da rama, amai, ko baƙin bayan gida, ba na shayi ba ne, na asibiti ne.

Maman Hanan:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Tawa mai ganye kore mai haske ce, ba ta da sanyin nan sosai. Baba, da na juya ganyen kamar yadda Malama ta ce, sai na ga wasu ɗige-ɗige masu ruwan lemo a bayan wasu, suna kama yatsa kamar gari. Su ne jakunkunan man?

Sarkin Lambu:

A'a 'yata, wannan tsatsa ce, cutar funfuna da ta fi addabar na'a-na'a. Jakunkunan mai ba sa goguwa, ba su kuma da launin lemo. Wannan ya sauya shawarar da na ba ki da farko, domin cutar tana zama a tarkacen ganye da ƙasar tukunya, tana kuma bin rassan ƙarƙashin ƙasa. Inuwa da jiƙa ganye safe da yamma su suka ba ta wurin zama.

In a ganye kaɗan ne, ki yanke komai har ƙasa, ki ƙone abin da kika yanke, kada ki zuba shi cikin taki. Ki zaro jijiyar ki wanke ta tas, ki zaɓi fararen rassa masu ƙwari, ki dasa a sabuwar ƙasa da sabon mazubi, nesa da inda tsohon yake. In sabon tohon ya sake fitowa da ita, ko kika ga ya fito a murɗe ya kumbura, to ki haƙura da wannan gindin, ki nemo reshe mai lafiya daga wani wuri. Ganyen da ya kamu ba a shanya shi don sha.

Tunda ganyen sha ne, ba a fesa masa maganin ƙwari. Darɓa, da ƙananan ƙwarin nan masu yin yana kamar ta gizo-gizo a bayan ganye lokacin zafi da bushewar iska, ruwa mai ƙarfi yana kakkaɓe su in an fesa ta ƙasan ganyen da sassafe, duk bayan kwana biyu ko uku har su ɓace. In sun yi yawa, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa mara turare a lita ɗaya, a fesa da yamma, a ɗauraye da ruwa zalla washegari, a bar kwana uku kafin a yanka. Almakashin da kika yanke mai tsatsar da shi kuma ki wanke shi da sabulu da ruwan zafi kafin ya taɓa sabuwar.